Hoton da Umma Ta Buɗe Ido

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban kyamarar Baba Rinjaye ya san ba a gardama da shi a kan inda za a tsaya, kuma ya san hoto ɗaya tak yake bayarwa. Shagonsa yana maƙale tsakanin mai gyaran takalma da wani kantin magani. Ɗan ɗaki ne mai shuɗin labule a bango, da benci dogo da gajere, da wata tsohuwar fanka da sai ta yi tari kafin ta tashi. Amma ba a cikin shagon ya yi suna ba. Hoton taro ne gwanintarsa: 'yan makaranta da malamansu, ma'aikatan masana'anta, 'yan ƙwallo, dangi in sun haɗu. A tara masa mutane masu surutu cike da fili, kafin ka ce kwabo ya jera su kamar kwalabe a kan kanta, dogaye a baya, gajeru a gaba, mai ƙaton tumbi a gefe.

Sunan Rinjaye kuwa aikinsa ne ya jawo masa. In ya ɗauki hoto, ba sau ɗaya yake ɗauka ba. Sai ya yi ta dannawa, sannan ya zauna ya sa tabarau ya bi fuskoki da ɗan yatsa. Wanda mutane suka fi yawan fitowa da kyau a ciki, shi ne hoto. Sauran kuma a gaban mai aiki yake goge su, ɗaya bayan ɗaya, har sai an ga babu.

"Ni ba mutum ɗaya nake yi wa aiki ba," haka yake cewa. "In fuska talatin ta ji daɗi, ɗaya ta ɓata rai, na ci riba. In ɗaya ta ji daɗi, talatin suka ɓata rai, na yi ɓarna. Ina abin wahala a nan?"

Kada ka ɗauka taurin kai ne kawai. Abin yana da tushe. Yana saurayi ya koyi aiki a hannun wani maigida da ba ya duba kowa a hoto sai babban da ke zaune a tsakiya. In babban ya fito da kyau, shi ke nan, ko da rabin jama'a sun fito kamar an watsa musu ruwan sanyi. Abin nan ya ci wa Baba rai ƙwarai. Ranar da ya buɗe nasa shago ya ɗaura niyya cewa a wurinsa fuska fuska ce, ta shugaba da ta mai shara duk ɗaya ake ƙirga su.

Kuma ya cika. Akwai shekarar da ya ɗauki wata makaranta, yara suka fito tsaf kamar an wanke su, shugaban makarantar kuwa ya fito yana shirin atishawa, hanci a sama, ido ɗaya a kanne. Shugaban ya zo shago da kansa, ya yi lallashi, ya yi barazana, ya ce akwai wani hoton da ya fito da mutuncinsa.

"Akwai, ranka ya daɗe," in ji Baba. "Amma a cikinsa layin gaba gaba ɗaya sun juya suna kallon akuya."

Hoton atishawar aka rataye a ofis. Makarantar ba ta sake kiransa ba har shugaban ya bar aiki, amma iyayen yara suka riƙe shi hannu bibbiyu, kuma har yau akwai manyan mutane da suke tsayar da mota su gaishe shi saboda wannan hoton.

A gida ma haka yake tafiyar da mulkinsa. Tashar da za a kalla, fentin da za a yi wa falo, ɓangaren da fanka za ta fuskanta, duk sai an ɗaga hannu. Shi kansa ya sha kaye ba adadi. Shekara da shekaru yana zaune a falo mai fenti ruwan hoda, launin da ya tsana kamar ciwon haƙori, don 'yan mata sun fi yawa a gidan. Bai taɓa ƙorafi ba. Mutum ne mai adalci, wannan ko maƙiyinsa zai ba shi.

Sai dai akwai Umma, matarsa. Tela ce, kekenta yana bakin taga a ɗakin tsakiya, mace mai fara'a da manyan idanu farare tas. To, waɗannan idanun, kyamara ba ta taɓa ganinsu ba. Baba yana da al'adar ƙirgawa da ƙarfi kafin ya danna, don kowa ya shirya. Yana cewa "ɗaya" sai Umma ta gyara zama, yana cewa "biyu" sai ta ware ido iya ƙarfinta, yana cewa "uku" sai idon ya gaji ya rufe ruf. An gwada komai. An ce ta kalli ƙasa sannan ta ɗago, an ce ta yi tunanin wani abu, an ce ta riƙe numfashi. Ina! Abin ya zama abin dariyar gida. In hoto ya fito sai yara su ruga suna ihu, "Umma ta sake yin barci!" Ita ma ta yi ta dariya tana cewa ai gajiyar da suke tara mata ce. Na katin shaida kaɗai aka taɓa samu ido a buɗe, shi ma ta fito a zazzare kamar wadda 'yan sanda suke nema, ta hana kowa gani.

Ana nan sai Auta, ɗansu na ƙarshe, ya sami aiki a wata ƙasa mai nisa, irin tafiyar da ba a cewa ga ranar dawowa. Umma ta ce ita dai a tara mata kowa a yi hoto guda, a rataye a falo, kowane gida ya sami nasa, Auta kuma ya tafi da ɗaya. Aka yi ta waya. 'Ya'ya suka zo da mazajensu da matansu da 'ya'yansu. Kawu, ƙanin Umma, ya hawo mota tun safe. Sai Gwaggo, yayar Baba, wadda ta goye shi yana jariri kuma ba ta bari ya manta. Gwaggo ta zo cikin shigar da ta ɗauke ta rabin yini, ɗaurin ɗankwalinta kaɗai ya isa a ba shi kujera tasa.

A tsakar gida aka jeru, bayan rana ta yi sanyi. Baba ya kafa kyamara a kan ƙafafunta, ya jera kowa, ya bar wa kansa gurbi kusa da Kawu. Dabarar ita ce ya danna agogon kyamara, ya ruga ya tsaya, ya ƙirga, ta ɗauka da kanta. Ya sha yin haka. Amma ranar, ko ɗoki ne ko tsufa, sai ya saita gajeren lokaci maimakon dogo. Ya danna, ya juya da gudu, takalminsa ɗaya ya fice ya yi sama, ya tafi taga-taga yana neman abin kamawa, sai ji aka yi ƙyas!

Tsakar gida ta kaure da dariya. Baba ya tsinci takalminsa yana ƙunƙuni, ya gyara agogo, aka sake jeruwa. Aka ɗauki wasu masu kyau, kowa ya nutsu, ana murmushin mutunci.

Kafin baƙi su watse, Lauya ta buɗe kwamfuta a falo. Lauya ita ce babbar 'yarsu, ita take riƙe da aikin kwamfuta a shago, kuma ba lauya ba ce, bakinta ne ya samo mata sunan tun tana firamare. Aka taru a bayanta ana leƙe. Na huɗu ya yi kyau ba kaɗan ba. Kowa ya fito, har jaririn da ya wuni yana kuka ya kalli kyamara kamar an biya shi. Umma kaɗai ce ido a rufe, kuma wannan ba wanda ya ma tanka, an saba.

Sai Lauya ta koma na farko.

Wayyo, hoton nan! Gadon bayan Baba ya cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na hoton, hannuwa a ware, takalmi a iska. Kawu yana hamma har ana hango dasashi. Mijin Lauya, ma'aikacin banki mai ji da kansa, yana sosa hammata. Gwaggo ta buɗe baki tana yi wa wani jika tsawa, ɗaurin nan mai daraja ya zame ya rufe mata gira ɗaya. A tsakiyar wannan hargitsi kuwa ga Umma, ta riƙe hannun Auta da hannu biyu, tana dariya da dukan fuskarta, idanunta a buɗe tar suna ƙyalli.

"A goge!" in ji Gwaggo, tun kafin kowa ya yi numfashi. "A goge shi yanzun nan. Ni za a yi wa tonon silili da tsufana?"

"Wallahi a goge," in ji mijin Lauya, yana gyara wuyan riga.

Baba ya ce a ɗaga hannu, yadda aka saba. Hannuwa suka tashi wa na huɗu kamar ana rabon kyauta. Umma ta shigo daga kicin da ledar da ta ƙulla wa Kawu, ta tsaya ta kalli na farkon da ke kan allo, ta ɗan jima. Sannan ta ce, "Wanda kuka zaɓa ya yi," ta miƙa wa Kawu ledarsa.

Direban da zai mai da Gwaggo ya dami unguwa da hon, don haka ba a kai ga gogewar ba. Tana bakin ƙofa ta juyo ta nuna Baba da yatsa. "Jibi zan zo shago in karɓi nawa. A gabana za ka goge wancan, ka ji ko?"

"Na ji, Yaya."

Washegari da safe Baba yana shan shayi, Umma tana goge wa Auta riguna tana jerawa a akwati. Ba ta dube shi ba ta ce, "Baban yara, wancan hoton na jiya, dole ne sai an goge?"

"Ai kin ga hannuwa."

"Na gani." Ta juya rigar ta bi ɗaya hannun. "Ba komai. Tunani kawai na yi. Yaron nan can zai yi aure, can zai haihu. 'Ya'yansa za su tashi suna ganin hoto a bango, su ce kakarmu ita ce waccan mai barcin." Ta yi 'yar dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. "Ina so ya tafi da idona, shi ke nan. Ban taɓa ganin kaina a cikin 'ya'yana ina kallo ba sai jiya. Na ji daɗinsa, ba zan ɓoye maka ba."

Shayin nan bai ƙara shiga ba. Baba ya tashi ya tafi shago yana ta juya maganar a ransa, abin da bai saba ba, don shi mutum ne da in ya ƙirga ya gama, barcinsa yake yi har da minshari.

Ya tarar Lauya ta riga shi, ta buɗe hotunan biyu gefe da gefe tana jiransa kamar mai jiran shari'a.

"Baba, za ka goge da gaske?"

"Doka ce. Ni na kafa ta, ni zan fara karya ta don abin ya zo gidana? Shugaban makaranta fa? Me na ce masa?"

"Shugaban makaranta sau ɗaya ya fito da atishawa. Washegari ya ci gaba da zama shugaba. Umma fa?" Ta juyo da kujera. "Kai fuska kake ƙirgawa, Baba, ba ka auna abin da ke bayanta. Gwaggo za ta ji kunya ta mako guda, in ta yi yawa. Mijina ma ai kullum yana sosa hammata, duniya ta sani. Wannan za ka ɗora a sikeli ɗaya da abin da Umma za ta rasa?"

"To wa zai ba ni sikelin?" Baba ya cire hula ya ajiye a benci. "In na fara cewa zafin wannan ya fi na wancan, kowa zai zo ya ce nasa ya fi. Mai baki ya yi nasara, marar baki ya tafi gida. Ƙirga ba ta san mai baki ba, shi ya sa na riƙe ta."

"Umma tana da baki ne?"

Baba ya tashi ya kunna fanka, ta yi tarinta ta tashi, ya dawo ya zauna.

Lauya ta ga ta samu shiga, sai ta sassauta murya. Ta ce akwai hanya mai sauƙi. A kwafe hoton a ɓoye a ba Auta, jibi a goge na shago a gaban Gwaggo. Ita ta tafi da farin cikinta, Umma ta samu nata, ba wanda ya ji ciwo.

"A'a," in ji Baba.

"Ba fa wanda zai sani. Kuma bisa lissafinka, kowa ya ji daɗi, ka ci riba ke nan."

"Lissafin ya ce haka. Ni ban ce ba." Ya shafa kai, shi kansa yana mamakin abin da ya fito daga bakinsa. "Mutane suna sakin jiki a gaban kyamarata don sun san in na ce na goge, na goge. In kalli yayata in yi mata ƙarya? Ko ba ta sani ba ai ni na sani."

"To saura dabara ɗaya."

Lauya gwana ce, wannan ba a ƙwace mata. Ta yanko kan Umma daga hoton farko ta ɗora a na huɗu, ta gyara haske, ta share gefe-gefe, har Baba da tabaransa bai ga wurin ɗinkin ba. Ya yi ta jinjina kai. Zuciyarsa ba ta kwanta ba, amma ya ce a kira mai abin ta gani. Da rana Umma ta biyo ta hanyar sayen zare, ta zauna a gajeren benci, aka juyo mata allo.

Ta kalla, ta matso, ta sake kallo. Sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Ke Lauya, Allah ya shirye ki! Me nake yi wa dariya a nan? Kowa ya kame kamar a gaban alƙali, ni kaɗai na wangale baki. Kun cire abin dariyar kun bar ni da dariyar. Ai sai a ce kakar ba barci take ba, taɓin hankali ne." Ta share hawaye da gefen mayafi. "Babanku nake kallo fa, da takalminsa a sama. In ba ya ciki, ni ma ba na ciki. Ku bar shi kawai, na huɗun ya yi."

Ta ɗauki zarenta ta tafi. Lauya ta goge aikinta ba tare da an ce mata ba.

Da yamma Baba ya janyo wani kwali daga ƙarƙashin kanta, inda yake ajiye hotunan gida tun na zamanin fim. Ya zauna yana fitarwa. Ga na lokacin da Lauya take jaririya, ga na ranar da suka tare a gidan da suke ciki, ga na gama makarantar wannan, ga na auren wancan. A kowanne ya tuna ya zauna ya ƙirga, ya zaɓa da gaskiya, bai cuci kowa ba. A kowanne kuma mutum ɗaya ce ta biya kuɗin gaskiyar, kuma ita ce dai, ita ce dai. Bai taɓa jera su wuri ɗaya ya gani ba sai ranar. Kunya ta kama shi, irin wadda take sa mutum ya waiga ko akwai mai kallonsa.

Ranar da Gwaggo ta ce, sai ga ta tun hantsi, da jaka a hammata da sabon ɗauri. Ta tarar an shimfiɗa hotuna a dogon benci daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

"Wannan kuma baje kolin mene ne? Ina nawa? Kunna abin nan in ga ka goge, ina da unguwa."

"Yaya, zauna tukuna. Kallo nake so ki yi mini."

Baba mutum ne da yake tsawata wa ƙartin 'yan ƙwallo su nutsu, amma a gaban Gwaggo muryarsa sai ta koma ta ɗan shekara bakwai. Ta harare shi, ta ɗauki na farko. Ta ga kanta da ƙuruciya, ta ce kai, ashe an yi mata a ƙasar nan. Ta ɗauki na biyu. A na uku ta fara dariya. "Ga ta nan, ta yi barci. Nan ma! Kai, wannan baiwar Allah." Ta bi benci tana ɗauka tana ajiyewa tana ƙyaƙyatawa. Wajen tsakiya dariyar ta ragu. Kafin ta kai ƙarshe ta daina gaba ɗaya.

Sai Baba ya ɗauko babban hoton da ya wanke da safe, na takalmi a sama, ya jingina shi da labule.

"Ban fitar da shi ba, ba kuma wanda ya samu. In kin ce a goge, yanzu zan goge, in yaga wannan a gabanki. Alkawari ne. Amma roƙonki nake yi, Yaya. Tana so yaron ya tafi da shi."

Gwaggo ta fara da kanta, ba shakka. Ta kalli bakin nan a buɗe da ɗankwalin da ya ci amanarta, ta ja tsaki mai tsawo. Sannan idonta ya matsa tsakiya ya tsaya. Sai muryarta ta yi laushi, abin da Lauya ta rantse ba ta taɓa ji ba tun da aka haife ta.

"Ita ta ce tana so?"

"Ta faɗa sau ɗaya, sannan ta ce a bar shi."

"Haka take." Gwaggo ta juyo, sai ga masifa ta dawo sabuwa fil. "Kai kuma sakarai ne, da furfurarka da komai! Ka tara mu ka ce wanne ya fi kyau. To da me kake so mu ce? Kowa ai kansa ya duba. Da ka ce mana, jama'a, wa zai ɗauki 'yar kunya saboda matar nan, kana tsammani akwai wanda zai noƙe? Matar da ta yi jinyata wata guda ba ta ko yamutsa fuska ba? Kai dai a ɗaga hannu, a ɗaga hannu, kamar muna aji!"

"Na yi kuskure, Yaya."

"Ka yi mana. Ba ni waya."

Nan ta zauna a gajeren benci ta bi dangi ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya ce shi hammarsa ba ta taɓa kashe kowa ba, a rataye. 'Yan matan suka ce dama su kunyar Gwaggo ce ta sa suka ɗaga hannu. Mijin Lauya ne ya tsaya inda-inda, yana cewa matsayinsa a wurin aiki, kada abokan hulɗa su gani. Gwaggo ta ce ai an fi shi yawa, magana ta ƙare. Baba ya karɓi wayar da sauri.

"A'a, Yaya, ba haka za a yi ba kuma." Ya kara a kunne. "Ɗana, ba dole. In ka ce a'a, a'a ɗin ce. Ni dai roƙo nake."

Sai surukin ya ce a rataye, amma don Allah in ya kawo baƙi gidan a ɗan tsaya a gaban hoton a kare shi. Lauya ta ce ta ɗauki wannan aikin.

Gwaggo ta tafi da nata kwafin a naɗe cikin jarida, tana cewa a ɗakin kwana za ta rataye shi, bayan ƙofa, kuma duk wanda ya yi mata dariya ba ta yafe ba. Daga baya an gan shi a falonta, sama da talabijin.

Da Baba ya shigo gida da babban hoton a cikin firam, Umma tana kan keke. Ta tsayar da ƙafa. Ya jingina shi a kujera. Ta taso ta tsaya a gaban hoton, ta kai hannu ta taɓa gilashin daidai inda ta riƙe Auta.

"Gwaggo ta yarda?"

"Ita ta yi wayar ma."

"Ikon Allah." Ta ƙara matsowa. "Ashe na tsufa haka. Amma ba laifi." Sai ta dubi bayan mijinta da ya cika gefe guda, ta ce, "Kai ma ka fito, Baban yara. Ban taɓa ganin ka yi kyau a hoto kamar nan ba."

Auta ya tafi da nasa a tsakiyar riguna don kada gilashin ya fashe. Gidan ya yi shiru na kwanaki. Baba ya koma bakin aikinsa, kuma kada wani ya ce maka ya daina ƙirga fuskoki, bai daina ba, har gobe hoto ɗaya yake bayarwa. Abin da ya ƙaru shi ne in ya gama ƙirgar, sai ya nemi wanda aka bari a baya ya kira shi gefe su yi magana. Aikin ya ƙara tsawo, Lauya tana mita, shi ko a jikinsa.

Bayan Auta ya kama ɗaki ya zauna, sai ya kira wata ranar hutu da hantsi. Aka sa wayar a tsakiyar tabarma kowa yana ji. Ya ba da labarin sanyi, da tsadar komai, da abokan aikinsa da suka zo taya shi jera kaya suka ga hoton a bango suka yi ta dariya har ɗaya ya zauna a ƙasa.

"Sun tambayi wane ne mai tashi sama, na ce babana ne, kuma shi ne mai hoton. Sai wata dattijuwa a cikinsu ta nuna tsakiya ta ce, wannan ba sai ka faɗa ba, mahaifiyarka ce. Na ce yaya aka yi kika sani? Ta ce ai ga shi nan, idonku ɗaya."

Baba ya dubi matarsa. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin zaninta.

"Umma? Kina ji na?"

"Ina ji," ta ce. Ta ja hanci, ta matso da bakinta kusa da wayar. "To da na wa za ka ɗauko, ɗan nema? Ka ci abinci dai ko?"